Bashi ko kyauta: ɓangaren da na ce wa ƙanwata ta ɗauka a muhawarar taimakon bayan yaƙi

Shekaranjiya wajen sha ɗayan dare ƙanwata da ke aji uku a jami'a ta turo min saƙon murya har na minti huɗu, wai lakcaransu ya ce za a yi muhawara a aji kuma kowa ya zaɓi ɓangarensa kafin Litinin. Maganar ita ce, idan ƙasa ta fito daga yaƙi a talauce, abokiyar ƙawancenta mai kuɗi me ya fi dacewa ta ba ta, bashi ko kyauta, kuma misalin da aka ba su shi ne yadda Amurka ta yi da Birtaniya da sauran ƙasashen Turai bayan yaƙin duniya na biyu. Ta ce yaya ai wannan ba sai an yi tunani ba, kyauta mana, wa zai zaɓi bashi. Na ce mata ki bi a hankali, wanda ya shiga muhawarar nan da wannan tunanin shi za a fara kayarwa. To amsar da na ba ta ta yi tsawo shi ya sa na ce bari in rubuta ta a nan ko wani ma zai amfana.

Abin daɗin misalin shi ne ƙasa ɗaya ce ta karɓi duka biyun cikin shekara uku kacal, kuma daga hannu ɗaya. Birtaniya ta karɓi babban bashi a 1946, sannan ta zo ta karɓi tallafin shirin Marshall daga 1948.

Lokacin yaƙi akwai tsarin da ake kira Lend-Lease wanda shugaban Amurka Roosevelt ya sa wa hannu a Maris 1941, wato Amurka ta riƙa tura wa ƙawayenta makamai da abinci da mai ba tare da an biya nan take ba. Kayan da aka tura sun kai na dala biliyan 50, Birtaniya kaɗai ta kwashi na sama da biliyan 31. Japan na miƙa wuya a Agusta 1945, ko sati biyu ba a yi ba, Truman da ya gaji Roosevelt ya sanar an rufe famfon. Ba shawara ba komai. Gwamnatin Attlee ta Birtaniya da ko wata guda ba ta cika a kan mulki ba ta wayi gari ba ta da dalar sayen alkama, ga kadarorinta na waje ta sayar da da yawa a lokacin yaƙi, ga bashin fam da Indiya da Masar da wasu ke bin ta na sama da biliyan 3.

Sai aka tura John Maynard Keynes Washington a Satumba. Mutumin nan duk iliminsa na tattalin arziki ya tafi da irin tunanin ƙanwata, wai ai mun yi shekara biyu muna fafatawa da Hitler kafin ku shigo, saboda haka adalci shi ne ku ba mu kyautar dala biliyan 6, in ma ba haka ba to bashi marar ruwa. Waɗanda ya tarar a teburin, Fred Vinson sakataren baitulmali da Will Clayton na ma'aikatar harkokin waje wanda shi asalinsa babban ɗan kasuwar auduga ne, suka ce masa malam majalisarmu ba za ta taɓa yarda ba, yaƙi ya ƙare, mutanenmu so suke a dawo musu da 'ya'yansu gida a rage musu haraji. Wata uku ana jan zance. Ranar 6 ga Disamba 1945 aka sa hannu: dala biliyan 3.75, ruwa kashi 2 cikin ɗari, a biya cikin shekara 50, kuma ba za a fara biya ba sai 1951. Lissafin Lend-Lease kuma aka rufe shi a kan dala miliyan 650 kawai. Kanada ma ta ƙara nata bashin na dalarta biliyan 1.25.

Tsakani da Allah ku dubi lambobin nan. Ruwa kashi 2, shekara 50, hutun shekara biyar, har da damar ɗage biya a shekarar da aka shiga matsi (kuma sun ɗage sau shida), sannan kayan biliyan 31 an ce kawo miliyan 650 mu rabu lafiya. Duk wanda ya taɓa zuwa neman lamuni a banki ya san wannan kusan sadaka ce. Shi ne abu na farko da na ce mata masu ɓangaren bashi za su jefe ta da shi, kuma gaskiya suke da ita.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin da aka liƙa a jiki. Amurka ta ce shekara ɗaya bayan bashin ya fara aiki dole Birtaniya ta buɗe canji, wato duk ƙasar da ta sami fam ta hanyar ciniki tana da ikon ta miƙa a ba ta dala. Kafin nan idan ka sayar wa Birtaniya nama ko shayi aka biya ka da fam, to kusan dole ka dawo ka kashe shi a kasuwarta ko ta ƙasashen da ke amfani da fam, wannan kuwa shi ke ci wa 'yan kasuwar Amurka tuwo a ƙwarya. Majalisar Birtaniya ta amince da ƙuri'a 345 da 98 amma rai a ɓace, Churchill ya ce wa 'yan jam'iyyarsa su ƙaurace wa ƙuri'ar. Shi kansa Keynes da ya tsaya kare yarjejeniyar a majalisar dattawansu bai ɓoye takaicinsa na cewa an sa ruwa ba, kuma a Afrilu 1946 ciwon zuciya ya kashe shi, bai ma ga kuɗin ba. Don a can Amurka ma sai da aka kai ruwa rana, majalisar dattawa 46 da 34, ta wakilai 219 da 155, sai 15 ga Yuli 1946 Truman ya sa hannu. Kun ga abin mamaki, mai karɓa yana jin an ci masa mutunci, mai bayarwa yana jin an yi masa wayo.

Daga nan sai komai ya haɗu musu. Kaya suka yi tsada a Amurka bayan an cire ƙayyade farashi, ke nan dalar da suka ranto ta rage auki tun kafin su kashe ta. Ga ciyar da yankin Jamus da suke riƙe da shi, shi ma da dala. A Yuli 1946 aka fara raba burodi da kati a Birtaniya, abin da ko a tsakiyar yaƙi ba a yi ba. Sai ga sanyin farkon 1947 wanda ya daskarar da kwal a fili, jiragen ƙasa suka kasa ɗauka, masana'antu suka tsaya, ana ɗauke wuta. Ranar 15 ga Yuli 1947 aka buɗe canjin kamar yadda aka yi alkawari, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a Wapa ranar da aka ji ƙishin-ƙishin naira za ta faɗi ya san abin da ya biyo baya, kowa mai fam a hannu ya ruga ya mai da shi dala, ɗaruruwan miliyoyi suka zurare cikin 'yan makonni. 20 ga Agusta aka rufe. Sati biyar. Bashin da aka yi lissafin zai kai su kusan 1950, farkon 1948 ya ƙare ƙaf.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Tun a Fabrairu 1947 Birtaniya ta aika wa Amurka cewa ba za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyin Girka da Turkiyya ba, a Maris Truman ya je majalisa ya nemi dala miliyan 400 saboda su. Daga lokacin lissafin Washington ya canza, da suna tambayar nawa za a biya mu, yanzu suna tambayar idan Faransa da Italiya suka faɗa hannun 'yan kwaminis fa, tunda jam'iyyun kwaminis a can manya ne kuma yunwa na ƙara musu magoya baya. Shi dai Clayton ɗin da ya matse Keynes shi ne ya zagaya Turai ya dawo ya rubuta wa shugabanninsa cewa an raina girman ɓarnar. 5 ga Yuni 1947 George Marshall sakataren harkokin waje ya yi ɗan gajeren jawabi a jami'ar Harvard, babu adadin kuɗi a ciki, cewa kawai ya yi ƙasashen Turai su zauna su haɗa buƙatarsu wuri ɗaya su kawo. Ernest Bevin ministan harkokin wajen Birtaniya a rediyon BBC ya ji labarin, bai tsaya wata-wata ba ya nemi takwaransa na Faransa Bidault. An gayyaci Rasha ma, Molotov ministan harkokin wajenta ya zo Paris da tawaga ya zauna 'yan kwanaki ya ga sharaɗin sai kowa ya buɗe littafin lissafinsa, ya tattara ya tafi, Chekoslovakiya da ta riga ta ce za ta zo Stalin ya kira shugabanninta Mosko suka janye. Ƙasashe 16 suka zauna.

Yadda aka sayar wa majalisar Amurka da shirin shi ne ya fi burge ni, don 'yan Republican ne ke da rinjaye a lokacin, masu ƙyamar kashe kuɗi. Truman ya bari aka sa wa shirin sunan Marshall don ya san in sunansa ne ba zai wuce ba. Aka kwashi 'yan majalisa ƙarƙashin Christian Herter aka kai su Turai su gani da idonsu, har da Richard Nixon yana sabon shiga. Sanata Arthur Vandenberg ya tsaya wa abin amma da nasa sharuɗɗa, ba za a ba da kuɗin shekara huɗu a dunƙule ba, duk shekara sai an dawo majalisa, kuma ɗan kasuwa ne zai riƙe hukumar, shi ya sa aka ɗauko Paul Hoffman daga kamfanin motoci na Studebaker. Sanata Robert Taft yana ta neman a zaftare. Turawa sun nemi biliyan 22, Truman ya kai wa majalisa 17. Sai 'yan kwaminis suka ƙwace mulki a Prague babban birnin Chekoslovakiya a Fabrairu 1948, ministan harkokin waje Jan Masaryk aka tsinci gawarsa a ƙasan tagarsa a Maris, nan take gardama ta mutu. Dattawa 69 da 17, wakilai 329 da 74, aka sa hannu 3 ga Afrilu 1948. Ku kwatanta da 46 da 34 na shekara biyu baya, kuɗin ya ninka fiye da sau uku kuma mafi yawansa ba za a biya ba amma ya fi saurin wucewa. Tsoro ya fi zumunci buɗe aljihu, haka na faɗa mata.

A ƙarshe abin da aka kashe ya ɗan haura dala biliyan 13, kusan kashi 90 cikin ɗari kyauta. Birtaniya ta fi kowa samu, wajen biliyan 3.2, Faransa 2.7, Italiya 1.5, Jamus ta Yamma 1.4.

Amma kalmar kyautar nan tana ruɗar mutane, ba wai an loda dala a jirgi an kai musu ba ne. Ga yadda abin yake. A ce mai masaƙa a Faransa yana son auduga daga Amurka. Zai biya cikakken kuɗin audugar da kuɗin ƙasarsa ga gwamnatinsa. Hukumar Hoffman ita za ta biya manomin ko dillalin Amurka da dala, wato dalar ba ta ma bar Amurka ba. Kuɗin da mai masaƙa ya biya sai a zuba shi a wani asusu na musamman, kuma gwamnatin Faransa ba ta isa ta taɓa shi ba sai jami'in Amurka da ke zaune a Paris ya yarda da abin da za a yi da shi, sannan kashi 5 na asusun na Amurka ne ta yi hidimarta. Rabin kayan kuma dole a jirgin ruwan Amurka za a ɗauko. To kun ga kuɗi ɗaya ya yi aiki sau biyu, ya kawo auduga ya kuma tara jari a gida. Faransa ta zuba nata a wutar lantarki da layin dogo da ƙarafa a ƙarƙashin tsarin Monnet na sake gina ƙasar. Jamus ta mai da nata jarin juyawa ta bankin KfW, a ba masana'anta rance ta biya a ba wata, bankin yana nan har yau. Birtaniya kuwa mafi yawan nata rage bashin cikin gida ta yi da shi.

Nan ne na ce mata ta lura da abin da kowa ke juyawa a baibai. Mutane na ɗauka bashi shi ne igiya a wuya kyauta kuma 'yanci. A wannan misalin dai, kuɗin bashin Birtaniya ta kashe shi yadda ta ga dama, ba wani Ba'amurke da ya zauna a ofishin Dalton ministan kuɗinsu yana duba rasit, a wannan tsakanin ne ma gwamnatin Leba ta mai da ma'adinan kwal da layin dogo hannun hukuma ta shirya asibitin kyauta na NHS da aka buɗe a Yuli 1948, abubuwan da 'yan majalisar Amurka da yawa ke gani a matsayin gurguzu. Sharaɗi ɗaya ne babba a jikin bashin, amma mai ranar da aka yanka, ba ruwansa da ko ka warke ko ba ka warke ba. Shi kuwa na Marshall sa ido ne kullum, kuma wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Kafin zaɓen Italiya na Afrilu 1948 an faɗa musu ƙarara in 'yan kwaminis suka ci ba tallafi. Holan ma da ta ƙi sakin Indonesiya, a Disamba 1948 aka dakatar da kason da ake ba ta na can aka kuma yi mata barazanar sauran, shekara ɗaya bayan nan ta miƙa mulki. Ko ka ji daɗin sakamakon ko ba ka ji ba, wannan juya ƙasa ne da abinci.

Duk da haka ɓangaren Marshall na ce ta ɗauka, ga dalilina. Ciwon Turai a 1947 ƙarancin dala ne, kowa na buƙatar alkama da kwal da injin Amurka, ba wanda ke da abin sayar mata. Bashin 1946 ƙasa ɗaya ya ba dala a cikin unguwar da kowa ke yunwar dala sannan ya ce ta buɗe ƙofa, to me ake jira, ai kamar ka ba mutum ɗaya buhun hatsi a garin da ake fari ka ce kada ya sa wa rumbunsa kwaɗo. Marshall ya ba unguwar gaba ɗaya, ya tilasta musu zama teburi ɗaya su raba, wanda ya haifi ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin Turai ta OEEC da ta zama OECD a 1961, sannan a 1950 aka kafa tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Turai don su riƙa ciniki da juna ba sai da dala ba. Shi buɗe canjin da aka ce Birtaniya ta yi cikin shekara ɗaya, sai ƙarshen 1958 aka iya yinsa. Shekara goma sha ɗaya tsakani. Wannan lambar ita ce makaminta mafi kaifi, na ce ta rubuta ta a tafin hannu.

Na kuma ja mata kunne kan abu biyu. Kada ta ce shirin Marshall ne ya gina Turai daga toka, za a kama ta, don kuɗin bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na abin da ƙasashen ke samarwa a shekara ba, kuma masana irin su Alan Milward sun daɗe suna cewa farfaɗowar ta riga ta fara kafin jirgin farko ya iso. Ƙasashen nan suna da injiniyoyi da ma'aikata da kotuna da masu karɓar haraji, abin da suka rasa kayan aiki ne da abin sawa a baki. Birtaniya da ta fi kowa samu ma sai da ta karya darajar fam a Satumba 1949 daga dala 4.03 zuwa 2.80, Jamus da ta sami ƙasa da rabin nata ta zo ta wuce ta. Na biyu kuma kada ta tsaya a kan cewa bashi da ruwa haramun ne ta zauna, mu mun san haka, amma lakcara hujjar tarihi zai ba maki.

Akwai wani abin da na ce in ta sami minti ɗaya a ƙarshe ta jefa, don ya shafe mu kai tsaye kuma na tabbata ba wanda zai kawo shi a ajin. Ramin dalar da Birtaniya ta faɗa ba Amurka kaɗai ta cike shi ba. Robar Malaya da kokon Gold Coast (Ghana ta yau) da na yammacin Najeriya dala suke kawowa, dalar kuma a London ake tara ta. Gyaɗarmu da ake jera buhunanta a Kano a lokacin ita ke ba su man girki ba sai sun kashe dala ba, hukumar sayen gyaɗa da aka kafa a 1949 tana biyan manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, rarar kuma a ajiye ta a can. Kakanninmu da suka dawo daga yaƙin Bama (Burma) su ma ƙawayen yaƙi ne in ana maganar gaskiya, ba wanda ya kira su Paris. Ta ce yaya wannan ai ba ya goyon bayan kowane ɓangare, na ce eh amma zai sa alƙalan su ɗago kai.

Wanda kuma ya ƙi ji ya ce shi ɓangaren bashi zai tsaya, yana da abin faɗa, ba wai ba shi da shi ba. Ya riƙe sauƙin ruwan, ya riƙe 'yancin kashewa, ya ce laifin na sharaɗin canji ne ba na bashin ba, ya ƙara da cewa hauhawar farashi ta cinye nauyin bashin har ya zama ba komai. Birtaniya ta biya kason ƙarshe a ƙarshen Disamba 2006, dala miliyan 83 da 'yan kai ga Amurka, kusan miliyan 23 ga Kanada, lokacin Tony Blair ne firaminista, shi da ko haihuwarsa ba a yi ba sanda Keynes ya je Washington. Ita dai ta turo min da safen nan wai ta rubuta sunanta a ɓangaren Marshall, kuma ƙawarta da suke ɗaki ɗaya ta shiga ɗaya ɓangaren tana neman lambata.